Idon da Ke Auna Mai Gudu da Baya

Da wuya a samu aiki a fagen wasa da ya kai na mai tsaron gefe a ƙwallon Amurka wahala, wato ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake jefawa da hannu, 'yan wasa na sanye da hular kwano. Can bakin layi ake tsayar da shi, fuska da fuska da wanda ya fi kowa gudu a ɗaya ɓangaren. Abokin karawarsa ya san inda zai nufa, ya san taku nawa zai yi kafin ya karkata, ya san lokacin da ƙwallo za ta iso, domin an gaya masa tun kafin a tsaya. Shi kuwa mai tsaro ba wanda ya gaya masa komai. Da baya-da-baya yake fara gudu, idonsa a kan mutumin, sai ya karanta niyyarsa a jikinsa sannan ya juya ya bi shi. Ya tare sau hamsin, ba kowa zai lura ba. Ya kuskure sau ɗaya, maki shida sun tafi, kuma duk filin sun ga wanda aka bari a baya.

To akwai mutumin da aikinsa shi ne ya kalli yaro ɗan shekara 21 yana wannan wasa a jami'a, ya ce zai iya ko ba zai iya ba idan ya shiga cikin manya. Gwanintar wannan mutum ce ke burge ni.

Mu nan Umarari mun san irin gardamar. Duk ranar da El-Kanemi Warriors ko wani kulob na Turai ya ɗauko sabon ɗan baya, majalisa da gidan kallo sai su rabu biyu. Wannan ya ce yaron na da ƙafa, wancan ya ce ai yanka ɗaya ake yi masa ya zauna. Kuma mun san yadda ake mance 'yan baya: El-Kanemi ta ɗauki Kofin Tarayya a 1991 da 1992, ta sake ɗauka a 2024 da ci biyu da nema a kan Abia Warriors, kowa na tuna biyun, ba kasafai ake tambayar su wa suka tsare neman ba. Ƙwallon Amurka ba ta da 'yan kallo da yawa a nan, wasan ƙarshe ma sai ƙarfe sha biyu da rabi na dare yake farawa agogonmu. Sai dai Amurkawa sun mai da wannan gardama tamu sana'a mai ƙa'ida, kuma da yawa daga yaran da ake aunawa 'ya'yan 'yan Najeriya ne.

Kowace shekara a watan Afrilu, kulob 32 na gasar NFL sukan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. Kafin nan, wajen ƙarshen Fabrairu, ana tara fitattun yaran a birnin Indianapolis a auna su. Ana duba tsayi da nauyi da tsawon hannu, likitoci su bincike gwiwa da kafaɗa, sannan a sa su tseren yadi 40, kusan mita 36 da rabi. Mai tsaron gefe da ya yi shi cikin daƙiƙa 4.4 ana cewa yana da gudu. Wannan kowa zai iya karantawa a takarda, ba ya bukatar gwani.

Aikin gwani a faifan bidiyo yake, wanda aka ɗauka daga sama yana nuna dukkan 'yan wasa 22. Abin da yake fara dubawa ƙugu ne. Yaro na ja da baya, gwiwa a lanƙwashe, ƙirji bisa ƙafa. Sai mai cafe ƙwallo ya ƙwace a guje ta gefensa. A wannan ƙiftawar ido dole mai tsaro ya buɗe ƙugunsa ya juya gaba ɗaya ba tare da ya rage sauri ba. Gwani zai tsayar da hoton, ya mayar, ya sake mayarwa, yana ƙirga taku. Shin da taku ɗaya ya juya, ko sai da ya ƙara wani ɗan taku na gyara? Shin ya miƙe tsaye kafin ya juya, kafaɗunsa suka tashi? Wannan ƙarin taku ɗaya yadi biyu ne a ƙasa, kuma yadi biyu sun ishi mai jifa na NFL ya sauke ƙwallo a hannun mutuminsa. Dattawan da ke zama bakin filin kokawa haka suke yi: matasa na kallon damtse suna ihu, su kuwa ƙugu da kafuwar ƙafa suke kallo, kuma sau da yawa sun san wanda zai sha ƙasa tun ba a kama ba. Yaro mai gudun miƙaƙƙen layi amma ƙugunsa a sandare, a jami'a gudun zai riƙa rufa masa asiri, yana kuskure yana kamowa. Cikin manya kowa na da irin wannan gudu.

Daga ƙugu sai hannu, kuma a nan ne doka ke shigowa. Tun 1978 dokar NFL ta ce mai tsaro na iya dungurar mai cafe ƙwallo cikin yadi biyar na farko kawai, bayan nan hannu ya sauka. A jami'a an fi sassauci, kuma in ka riƙe mutum ƙwallo na sama, hukuncin ba ya wuce yadi 15. A NFL inda ka yi laifin nan za a ajiye ƙwallo, ko da yadi hamsin ne. Saboda haka yaron da ya saba kama riga idan ya ga za a wuce shi, a jami'a dabara ce mai araha, cikin manya kuwa asara ce babba. Gwani na lura da lokacin da hannun ke tashi. In tun a layi yake sa shi don ya ɓata wa abokin karawa taku, wannan ƙwarewa ce. In sai an wuce shi yake miƙa shi, tsoro ne, kuma tsoro ya fi wuyar gyara.

Ido ma ana auna shi. Akwai yaran da kwaɗayin ƙwace ƙwallo ke sa su leƙa mai jifa maimakon mutuminsu. Sukan tara ƙwace da yawa, sunansu ya fita. Gwani kuwa zai nemi wasannin da aka yaudare su: mai cafewa ya yi kamar zai tsaya, yaro ya zabura, sai a wuce shi fuu. Sannan ya kalli abin da ya fi komai nuna hali, wato wasan da ya biyo bayan an ci shi. Ya dawo layi ya matso kusa kamar ba abin da ya faru, ko ya ja baya yadi goma yana kare kansa? Ya yarda ya sa kafaɗa ya kayar da ƙaton da ya taho da ƙwallo, ko yakan makara da gangan? Babu ma'aunin wannan a Indianapolis.

Labarin Nnamdi Asomugha, ɗan iyayen Ibo da aka haifa a Amurka, ya isa darasi a kan alƙaluma. Oakland Raiders ta zaɓe shi na 31 a 2003, alhali a jami'ar California a tsakiyar baya ya fi wasa. Wani ya dubi tsayinsa da dogayen hannuwansa ya ga mai tsaron gefe a ciki. A 2006 ya ƙwace ƙwallo takwas. A 2007 ɗaya, 2008 ɗaya, 2009 ɗaya, 2010 ko ɗaya babu. Mai duba takarda zai ce ya lalace, alhali a waɗannan shekaru ne ya fi ƙwarewa: masu jifa sun daina jefawa ɓangarensa, sun bar masa rabin fili. A 2011 ya koma Philadelphia Eagles kan kwantiragin dala miliyan 60 na shekara biyar. A Oakland mutum ɗaya ake ba shi ya manne masa tun daga layi. A Philadelphia aka riƙa sa shi tsaron yanki da wasu ayyuka dabam, ya kasa zama yadda aka san shi, aka sallame shi a 2013. Shi ya sa gwanin gaske ba ya rubuta cewa yaro na da kyau ya yi shiru. Sai ya faɗi irin tsarin da zai yi kyau a ciki, da irin wanda zai tona masa asiri.

Haɗarin kuma iri-iri ne. Jeff Okudah na jami'ar Ohio State ya cika kusan kowane sharaɗi, Detroit Lions ta ɗauke shi na uku a 2020, matsayin da ba kasafai mai tsaron gefe ke samu ba. Rauni ya dame shi a shekarar farko, a wasan farko na 2021 jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, a 2023 aka miƙa shi ga Atlanta. Wannan ƙaddara ce, ba na ganin laifin mai aunawa a ciki. Na Noah Igbinoghene dabam ne, domin an san haɗarin tun ranar zaɓe. Mahaifiyarsa Faith Idehen ta ci wa Najeriya tagulla a tseren miƙa sanda a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, mahaifinsa Festus ɗan tsalle ne. Jini ya ba shi gudu da tsalle, amma mai cafe ƙwallo ne a jami'ar Auburn kafin a juya shi baya, shekara biyu kacal ya yi a matsayin. Miami ta ɗauke shi na 30 a 2020 tana fatan idon zai biyo ƙafar, bai samu gurbi tsayayye ba, a 2023 ta musanya shi da wani ɗan wasan Dallas.

Richard Sherman ma daga mai cafewa aka juya shi a jami'ar Stanford, kuma gudunsa bai burge kowa ba. A 2011, shekarar da New York Giants ta ɗauki mai tsaron gefe Prince Amukamara na 19, Sherman ya jira har zagaye na biyar, na 154. Seattle a ƙarƙashin koci Pete Carroll ta san abin da take nema: dogo, mai hannu inci 32 ko fiye, wanda zai tare mutum a layi, ya kuma san hanyoyin masu cafewa domin shi ma ya bi su. A kakar 2013 Sherman ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar, Seattle ta ɗauki kofi a Fabrairun 2014. Sauyin matsayin da ya zama rauni ga wani, a wurinsa shi ne jarin, kuma raba waɗannan biyu tun kafin a gani a fili shi ne ƙololuwar sana'ar.

Yanzu idon ya fara isowa gida. Osi Umenyiora, wanda ya ci kofi biyu da Giants, yana jagorantar neman 'yan wasa a Afirka, NFL ta yi sansanin gwaji a Akra a 2022. Yawancin waɗanda suka fita ta wannan hanya ƙarti ne na layin gaba, irin su Roy Mbaeteka da Giants ta ɗauka a 2022 bai taɓa buga wasan a hukumance ba. Dalilin a fili yake. Tsayi da nauyi da ƙarfi ana ganinsu a yini ɗaya. Mai tsaron gefe kuwa sai an ga yadda yake juyawa sau ɗaruruwa a gaban masu yaudara iri-iri, kuma wannan na bukatar gasa mai ɗorewa da faifan da za a riƙa mayarwa.