Zane a Bayan Kwalin Magani

A shekarar 2019 zauren nuni na Saatchi a Landan ya nuna aikin wani dattijo ɗan Sudan, Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Nijeriya ta san shi tun da daɗewa, gama ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta nuna zanensa a farkon shekarun 1960. Manyan hotuna ne aka rataye a Landan, bugaggu a kan yadi. Amma kowannensu daga ɗan ƙaramin zane ya fito, wanda tsohon ya yi da alƙalami a bayan kwalin magani sa'ad da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban allon zane.

Kafin mai karatu ya gane waɗannan kwalaye sai ya koma 1975. A lokacin El-Salahi babban ma'aikaci ne a ma'aikatar al'adu. Aka zarge shi da hannu a yunƙurin hamɓarar da Shugaba Nimeiri, aka kulle shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. Mutanen Kalakla da sauran unguwannin Khartoum sun san wannan suna, ba su kuwa faɗarsa da fara'a. A can ciki an hana fensir da takarda. Sai ya riƙa yage takardar buhun siminti ƙanana ƙanana, ya yi zane a ɓoye, ya binne cikin rairayi kafin masu gadi su zo. Ya kuma dasa albasa inda ruwan randa yake ɗiga, domin idonsu ya ga abu ɗanye yana tsiro. Bayan an sake shi, a 1976 ya cika wani littafi da zane da rubutun Larabci game da abin da ya gani, littafin da gidan tarihin MoMA na New York ya mallaka daga baya.

Hannun da ya koyi aiki a ƙuntace, shi ne ya ɗauki kwalin magani a tsufa. Fuskokin dogaye ne, idanu sun faɗa, wani lokaci fuska takan tsiro daga wata kamar reshe. Layin yana lanƙwasa irin na wanda ya fara riƙe alƙalami a makarantar allo, haka kuwa yake, mahaifinsa malami ne. Wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka a Kano ba zai ji baƙunci ba.

To, a nan ne manyan bugun suka gaza. Lalle suna da kyau, baƙin tawadar yana kama ido tun daga bakin ƙofa, kuma attajiri zai sami abin rataya a falonsa. Amma kwalin yana da naɗi da yagewa, da kunnuwan da aka ɓanɓare, kuma zanen yakan bi waɗannan ya karkata. Su ne suke faɗa wa mai kallo cewa mai ciwo ne ya yi wannan, yana zaune a kujera, bayan ya shanye abin da ke ciki. Da aka faɗaɗa zanen a kan yadi mai santsi, fuskar ta rage, majinyacin ya ɓace. Cibiyar zane ta Drawing Center a New York ta fi gane al'amarin a 2022, da ta jera ƙananan su kansu, fiye da ɗari, har sai mutum ya matso ya sunkuya kafin ya ga idanun.