Masu Gyaran Na'ura Daga Nesa

Akwai injiniyoyin da ke kula da dubban na'urorin da ba su taɓa riƙewa a hannu ba: na'urar POS a shago, kyamarar tsaro, sola ta biya kaɗan-kaɗan irin ta M-KOPA a Kenya. Duka suna haɗe da manyan rumbunan kwamfuta ta intanet, kuma daga can ake tura musu sabuwar manhaja. Aikin nan yana burge ni ƙwarai, domin kuskure ɗaya ya isa ya kashe su baki ɗaya.

Gwani ba ya tura wa kowa a lokaci guda. Kamar manomin da ke gwada sabon iri a kunya ɗaya, yakan fara da 'yan ƙalilan, ya zuba ido: batir na saurin ƙarewa? Na'urar na ta kashe kanta tana kunnawa? Sai ya ga lafiya lau sannan ya ƙara. Ranar 19 ga Yulin 2024 duniya ta ga illar rashin yin haka, lokacin da kamfanin CrowdStrike ya saki sabuntawa mai matsala. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya cak. An soke tashin jirage, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara da hannu.

Dabarar da ta fi ƙayatar da ni ita ce raba ma'ajiyar na'ura gida biyu. Tsohuwar manhaja na ci gaba da aiki a ɗaya, sabuwa na sauka a ɗayan. Idan an kunna sabuwar ta ƙi tashi, na'urar da kanta za ta koma kan tsohuwar. Android ya shigo da wannan tsari a 2016. Duk wanda ya san yadda ake ɗauke wuta ana tsakar aiki zai fahimci darajarsa. Inda sabis ke da rauni kuwa, abin da ya canza kaɗai ake turawa.

Sai batun ɓarayin intanet. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye kyamarorin da aka bari da kalmar sirri ta masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn hari, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka. Shi ya sa gwani ke ba kowace na'ura mabuɗin sirrinta daban, ya kuma hana ta karɓar manhajar da ba ta ɗauke da hatimin kamfanin da ya ƙera ta.