A Tausaya wa Datar Mai Sayen Citta

Ɗan kasuwar citta a Kachia ba ya neman abu mai yawa a shafin intanet. Yana so ya ga farashin buhu, ya ga hoton kaya ya tabbatar ta bushe, ya samu lambar da zai kira, tun kafin sabis ya ɗauke. To amma buɗe shafukan da matasanmu ke tsarawa yanzu ka gani. Kana jan shafi da yatsa, rubutu na sulalowa daga gefe, hotuna na fitowa a hankali kamar ana rakiyar amarya, ga bidiyo ya kunna kansa ba wanda ya sa shi. Wannan yayin yana damuna ƙwarai.

Dabara ɗaya ce a bayan duk wannan: shafin yana gane lokacin da wani sashensa ya shigo allon waya, da lokacin da ya fice. A da, sai mai tsarawa ya rubuta umarnin da zai riƙa auna inda kowane hoto yake duk sanda yatsa ya motsa, har ƙaramar waya ta ɗau zafi ta riƙa cijewa. A 2016 manhajar buɗe intanet ta Chrome ta fito da wata hanya mai suna Intersection Observer, Firefox ta bi a 2017, Safari a 2019. Yanzu manhajar ce da kanta ke sa ido, ba ta sanar da shafin sai abin ya iso ko ya fice.

Amfaninta na gaskiya tattali ne. Shafi mai hotuna 30 ba sai ya sauke su duka ba. Wanda ya duba uku na sama ya fita, kuɗin ukun kawai ya biya. Bidiyon da aka wuce shi sai ya tsaya cak, ya daina shan data da caji. Masu talla ma da ita suke lissafi, domin a ƙa'idarsu sai rabin talla ya zauna a allo na daƙiƙa ɗaya ake cewa an gan shi.

A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari. Wannan ya zo wa manoman kudancin Kaduna ne bayan cutar da ta cinye musu citta a 2023. Mutumin da ke cikin wannan hali, ya sa datar ɗari biyu, bai kamata a kashe masa ita a kan rawar rubutu ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne shafin da ke ɓoye rubutu sai motsin ya kammala: sabis na yin rauni, farin allo kawai za ka gani, har farashin ma babu.

Yanzu da aka kafa Jami'ar Tarayya a Kachia, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) a Kafanchan, roƙona ga malamai shi ne kada su ba ɗalibi maki a kan kwamfutar ofis. A buɗe aikinsa a kan tsohuwar Tecno ko itel, a bakin kasuwa ranar da ta cika, a ga ko farashi zai fito kafin mai saye ya gaji.