Katin Josh Gibson: Tsakanin Almara da Alƙaluma

A shekarar 1961 wani matashi ɗan jihar New York, Hal Richman, ya fitar da Strat-O-Matic, wasan da ke kwaikwayon besbol a kan tebur. Kowane ɗan wasa na gaske yana da katinsa, wanda aka gina bisa alƙaluman abin da ya yi a fili. Ana jefa ƴaƴan lido uku. Na farko shi ke zaɓen layi: daga 1 zuwa 3 a duba katin mai bugu, daga 4 zuwa 6 a duba na mai jifa. Jimlar sauran biyun, daga 2 zuwa 12, ita ke nuna gidan da sakamako yake. Da yake 7 kan fito sau 6 cikin 36, 12 kuwa sau ɗaya tak, gidan da aka ajiye kowane sakamako shi ke bayyana darajar mai katin.

Wannan tsari ya dogara ne kacokan ga rubutaccen tarihi, kuma nan ne katin Josh Gibson ya zamo abin nazari. An haifi Gibson a jihar Jojiya a 1911, ya buga wa Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords a gasar baƙaƙen fata, domin wariyar launi ta rufe masa ƙofar babbar gasar Amurka. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya keta wannan shinge. Allon karramawarsa da ke Cooperstown, na 1972, ya danganta masa bugun tsallake katanga kusan 800, alhali waɗanda aka tabbatar a wasannin gasa ba su kai 200 ba. Dalili kuwa shi ne ƙungiyoyin baƙaƙe sun fi rayuwa da wasannin yawo gari-gari, waɗanda sau da yawa babu mai rubuta sakamakonsu.

Sa'ad da kamfanin ya fitar da katunan taurarin baƙaƙen fata a 2009, bayan binciken da Scott Simkus ya yi cikin tsofaffin jaridu, ya zaɓi alƙaluma ya bar almara. Zaɓin ya dace. Yabon baka ba ya shiga gidan 7 ko na 12, kuma Gibson bai buƙaci ƙari ba: a 2024, da babbar gasar ta shigar da alƙaluman baƙaƙe cikin kundinta, sai ya zarce Ty Cobb da nasarar bugu 372 cikin 1000, Cobb na da 367.

Amma katin yana da aibi, aibin kuma yana cikin tsabtarsa. An buga shi da siga ɗaya da na Babe Ruth, layi uku, gida goma sha ɗaya kowanne, babu gurbin da aka bari fanko. Na Ruth ya fito daga cikakken lissafi. Na Gibson daga guntayen jaridu da kirdadon masana. Mai wasa ba ya ganin wannan bambanci, sai ya ɗauki hasashe a matsayin shaida.

Abu mafi nauyi yana cikin ɗan lidon farko. Cikin hanyoyi 216 da jifa kan iya faɗuwa, 108 suna kan katin mai jifa. Wato ƙa'idar wasan da kanta ta yarda cewa ba a auna gwani sai da abokin karawarsa. To, wannan rabin ne aka hana Gibson: bai taɓa fuskantar Lefty Grove ko Bob Feller a wasan babbar gasa ba. A kan tebur ana iya haɗa su sau ɗari a dare guda, sai dai abin da ya fito amsar ƴaƴan lido ce, tarihi bai ba da tasa ba.

Saboda haka darajar katin tana ga mai karanta shi da sanin asalinsa. A hannun malami yana iya koyar da lissafin yiwuwa, yana kuma nuna wa ɗalibi cewa bayan kowane adadi akwai wanda ya rubuta, da wanda aka ƙi rubutawa.