Fuskar Omar ba hujja ba ce

Ina so in yi magana a kan fim ɗin "Omar m'a tuer" na Roschdy Zem, wanda ya fito a 2011. Ƴan uwa ɗalibai da suka gan shi galibi abu ɗaya suke faɗi: an zalunci bawan Allah. Ni ma na ji haka. Amma ina ganin fim ɗin ya ja mu ya kai mu ga wannan hukunci ta hanyar da ita kanta abar tuhuma ce.

Ga wanda bai san labarin ba: a 24 ga Yuni 1991 aka tsinci gawar wata attajira, Ghislaine Marchal, a ɗakin ƙarƙashin gidanta a Mougins, kudancin Faransa. A jikin ƙofa an rubuta da jininta wai Omar ne ya kashe ta, kuma da kuskuren nahawu, "tuer" a maimakon "tuée". Omar Raddad ɗan Maroko ne, shi ke yi mata aikin garka, bai iya karatu ba, Faransancinsa ma ɗan kaɗan. A 1994 kotun manyan laifuka ta birnin Nis ta yanke masa shekara 18 a gidan kaso.

Sami Bouajila ya yi wasa mai kyau ƙwarai, ba na musu. Idonsa kaɗai ya isa ya sa ka hawaye, musamman inda ake ta yi masa tambayoyi cikin harshen da bai gama ji ba. Duk wanda ya taɓa raka wani tsoho kotu a nan ƙasarmu, ya ga yadda maganarsa ke bi ta bakin tafinta kafin ta zama Faransanci a takarda, ya san wannan tsoro. To amma ita fuska mai ban tausayi me take tabbatarwa? Masu taya alƙalai yanke hukunci a Nis sun dubi mutumin, sun ji yana buga caca, yana yawan roƙon a ba shi kuɗin aikinsa tun kafin lokaci, zuciyarsu ta ce shi ne. Mu kuma mun dubi Bouajila, zuciyarmu ta ce ba shi ba ne. Ma'auni ɗaya ne, an dai juya shi.

Hujjojin kansu sun fi fuskar nauyi, ta kowane ɓangare. Ba a samu jini a tufafinsa ba. An ƙone gawar da wuri, babu damar sake bincike. Rahoton likitoci ya fara nuna 24 ga wata a matsayin ranar mutuwa, daga baya aka ce kuskuren bugu ne, 23 ake nufi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a 24 Omar yana Tulon wajen danginsa, a 23 kuwa yana aiki a wani gida kusa da na matar. A ɗaya ɓangaren, an tarar da ƙofar ɗakin a tokare daga ciki da gadon ƙarfe mai naɗewa da wani bututu. Masu ƙara suka ce ke nan ita ta tokare, ita ta rubuta. A ganina fim ɗin bai bar wannan hujja ta tsaya da ƙafarta ba, alhali ita ce ta fi ba lauyoyinsa wahala.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma fim ɗin ya wuce shi da sauri, shi ne: babu wata kotu ta biyu da ta sake auna waɗannan abubuwa daga tushe. A lokacin, dokar Faransa ba ta yarda a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kotun manyan laifuka ba. Kotun ƙoli kaɗai ake zuwa, ita kuwa ba ta tambayar ko ka yi kisan. Tambayarta ita ce ko an bi ƙa'ida. A 1995 ta ce an bi. Shi ke nan! Kuma kotun Nis ba ta rubuta dalilanta ba, don doka ba ta wajabta haka ba sai daga 2012. To ta yaya za ka ƙalubalanci dalilin da ba a faɗa maka ba?

Sai hanyar sake duba shari'a, wadda ke buƙatar sabon abu. Nan nauyi ya koma kan wanda aka ɗaure: da farko masu ƙara ne za su kawar da shakka, yanzu shi ne zai kawo ta. Gwajin ADN ya nuna sawun wasu maza a ƙofofin, ba nasa ba. A 2002 kotu ta ce wannan bai isa ba, tunda ba a san yaushe sawun ya hau wurin ba. A 2022 aka sake ƙin buƙatarsa. Afuwar da Shirak ya yi masa a 1996, bayan Sarki Hassan na biyu ya sa baki, ta rage shekaru ne kawai, har ya fito a 1998. A takarda, mai kisa ne har yau.

Dubi bambanci da Patrick Dils, wanda aka kama yana ɗan shekara 16 a kan kisan yara biyu. Da aka sake masa shari'a a 2001, sai aka kuma ɗaure shi. Amma dokar 15 ga Yuni 2000 ta riga ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, ya bi ta, kotun Liyon ta wanke shi a 2002 bayan shekara 15 a kaso. Omar an yi masa hukunci shekara shida kafin wannan doka.

Da ni ne Zem, da na rage lokacin marubucin nan da Denis Podalydès ya fito a matsayinsa, mai yawon neman gaskiya, na shigar da kyamara zauren kotun 2002, mu ji da kunnenmu yadda alƙalai suke cewa sawun wasu maza a kan ƙofar nan bai kai shakka ba.