Umaru Falke: Attajirin Da Littattafansa Suka Ba Da Tarihinsa

In ka ɗauki tarihin rayuwar wani attajiri da aka rubuta da Hausa, kusan ka san abin da za ka tarar: ya fara da tallar goro, ya yi haƙuri, Allah ya buɗa masa, ya gina masallaci. Da wuya marubucin ya tambayi abin da mutumin yake karantawa da daddare bayan an rufe rumfa. Wannan giɓin ne ya mayar da ni kan Alhaji Umaru Falke na Kano, wanda aka haifa a 1893, ya rasu a 1962.

Sunan ma ya faɗi sana'ar: falke, mai fatauci. Malami ne kuma, ɗan Tijjaniyya, cikin almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. Ya bar takardu sama da 3,000, galibinsu rubutun hannu, da Larabci da ɗan ajami: fiƙihu, tauhidi, waƙoƙin bege, wasiƙu, da tarin asirai da magunguna. A 1978 Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan mutumin da ɗakin karatunsa, a Jami'ar Northwestern ta Amurka.

Abin da ya burge ni a wannan aiki shi ne dabarar kanta, wato a karanta mutum ta cikin gafakarsa. Maroƙi yana iya ƙara gishiri, jika yana iya ɓoye aibin kaka, amma takardar da mutum ya biya aka kwafa masa, ya ɗaure ta da tsirkiya ya adana, ba ta iya fadanci. Ɓangaren asiran nan, wanda wasu 'yan zamani za su so a kau da kai daga gare shi, a ganina nan ne aka fi jin numfashin falke: mutum a kan hanya da dukiya, yana tsoron ɗan fashi da ciwo da asara.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne, kundin da Turanci yake, takardun kuma suna Evanston, kusa da Chicago. Na tuna Benjamin Guinness na Ayalan, mai sarautar gado kuma shugaban kamfanin giyar gidansu, wanda ya rasu a 1992. Shi ma ya tara tsofaffin littattafan ƙasarsa. Gwamnati ta sayi gidansa na Farmleigh a 1999, littattafan na nan a Dublin, ɗan ƙasa na iya zuwa ya gani. Kuɗin giya da kuɗin fatauci ba ɗaya ba ne, na sani. Maganar adana gado nake yi.

Sai dai kafin mu zargi Bature, mu leƙa gida. A ƙauyukanmu na wajen Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona, akwai zaurukan da gafakar kaka ke rataye tun rasuwarsa. Ta gidanmu na sauke bara bayan girbin gero. Gara ta cinye rabin Ishiriniya, ɗigar damina ta haɗe sauran ganyayen wuri guda. Wata wasiƙa kaɗai ta tsira, ita ma babu mai iya karanta hannun a cikinmu sai wani dattijo a maƙwabta, wanda idonsa ya fara hazo.