Karo ɗaya, suna biyu

Ranar 17 ga Satumba 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, rundunar jihohin Arewa da ta Kudu suka gwabza a Maryland. Kafin faɗuwar rana, kimanin mutum 23,000 sun mutu, ko sun jikkata, ko sun ɓace. Ƴan Arewa suka raɗa wa karon sunan ƙoramar wurin, Antietam. Ƴan Kudu kuwa suka kira shi da sunan garin da ke kusa, Sharpsburg. Don haka sunan da marubuci ya zaɓa yakan tona ɓangaren da ya karkata.

Fim ɗin Gods and Generals na Ronald Maxwell, wanda ya fito a 2003, ya wuce batun suna: tsallake karon ya yi ɗungurungum, sai a 2011 aka mayar da shi cikin wani tsawaitaccen zubi. Wannan giɓi babba ne. Kwana 5 bayan karon ne shugaba Lincoln ya sanar da ƙudurin ƴanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Da aka cire ranar, sai jaruntakar Janar Jackson da addu'o'insa suka cika fage, zancen bauta ya koma gefe. Malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin, ya kamata ya soma da rubuta sunayen biyu a allo.